Jadawalin Da Ke Tuna Inda Ka Tsaya

A ɗauki malamin da aka ɗora wa shigar da sakamakon jarrabawa a shafin intanet na makarantarsu. Ɗalibai 600 ne a jadawalin, goma-goma a kowane shafi. Ya jera su bisa haruffan sunayensu, ya ɓoye ginshiƙan da ba ruwansa da su, na ranar haihuwa da na sunan mahaifi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da takardun maki a gefensa har ya kai shafi na 14. Nan ya ga an sa wa wata yarinya 17 a Lissafi, alhali 71 ta ci. Ya goge, ya gyara, ya danna maɓallin adanawa. Allon kwamfutar ya ɗan ƙyafta.

Abin da zai gani bayan ƙyaftawar nan ya danganta da hannun da ya gina manhajar. Idan aikin a-yi-a-gama ne, jadawalin zai koma shafi na ɗaya, ginshiƙan da ya ɓoye su dawo, jerin sunaye ya wargaje, shi kuma ya yi tagumi yana tunanin a ina ma ya tsaya. Wani lokacin ma ya lallaɓa ya koma shafi na 14 ya tarar da 17 ɗin nan zaune daram. Idan kuwa gwani ne ya yi aikin, ba abin da zai motsa. Layin yarinyar yana nan daidai inda idonsa yake, 71 ta maye gurbin 17, sai ya wuce zuwa suna na gaba. Ba zai yaba wa kowa ba, domin a ganinsa haka abin ya kamata ya kasance, kuma gaskiyarsa. Sai dai kafin abin ya zama haka, wani ya zauna ya yi dogon tunani a madadinsa. Wannan tunanin ne nake so in buɗe a gani, domin yana cikin ayyukan da suka fi burge ni a sana'ar gina manhaja.

Asalin halin yanar gizo mantuwa ce. Ƙa'idar HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa tsakanin 1989 da 1991, an yi ta ne don a nemi takarda a karanta. Burauza ta aika buƙata, uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta ba da amsa, shi ke nan an rabu. In buƙata ta biyu ta zo bayan daƙiƙa ɗaya, uwar garken ba ta san cewa mutumin ɗazu ne ba. A 1994 wani matashin injiniya a kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙirƙiro kuki, ɗan guntun rubutu da uwar garke ke ba burauza ta riƙe, ta riƙa nunawa duk sanda ta dawo. Kamar ɗan katin da mai ajiyar babur yake ba ka ne a bakin kasuwa: shi ba zai riƙe fuskokin jama'a ba, amma in ka miƙa katin ya san wanne ne naka. Matsalar kuki ita ce ƙanƙantarsa, domin bai wuce kilobait huɗu ba, ga shi kuma yana bin kowace buƙata zuwa uwar garke ko ana neman sa ko ba a nema.

Muddin karatu kawai ake yi a shafukan intanet, wannan mantuwar ba ta dami kowa ba. Amma daga wajajen 2004 da Gmail ya fito, da 2005 da Jesse James Garrett ya raɗa wa dabarar sabunta ɓangaren shafi ba tare da an sake loda shi duka ba suna Ajax, sai aikin ofis ya fara ƙaura zuwa cikin burauza. Rajistar ma'aikata, lissafin kayan sito, jerin masu bashi, duk suka zama jadawalai a shafin intanet. A 2008 Allan Jardine, mai kamfanin SpryMedia a Sikotilan, ya fitar da DataTables, kayan aiki na kyauta da ke ɗaukar jadawali sandararre ya sa masa jerawa da bincike da rarraba layuka shafi-shafi. Har gobe ana cin karo da shi a ɗimbin manhajojin ofis, shi ya sa zan yi misali da shi. A zubinsa na farko a cikin kuki yake ajiye yanayin jadawali. Daga zubi na 1.10, wanda ya fito a 2014, ya koma amfani da ma'ajiyar cikin burauza mai suna localStorage, wadda hukumar W3C ta tabbatar da ƙa'idarta a 2013. Ita tana ɗaukar kimanin megabait biyar a yawancin burauzoji, kuma abin da aka sa mata ba ya zuwa ko'ina, yana nan a kwamfutar.

Kunna ajiyar layi ɗaya ne. Magini ya rubuta stateSave: true a cikin saitin jadawalin, ya gama. Wanda yake son ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashi sai ya danna F12 a burauzar Chrome, ya shiga sashen ma'ajiya. Zai tarar da wani ɗan rubutu da sunansa ya fara da DataTables, sai sunan jadawalin, sai adireshin shafin. A jadawalin malaminmu, ga abin da zai karanta a ciki. Akwai wata doguwar lamba, ita ce lokacin da aka yi ajiyar. Akwai 130, wato layin da za a fara nunawa daga kansa, domin shafuka 13 masu layi goma-goma sun wuce. Akwai 10, yawan layukan kowane shafi. Akwai lambar ginshiƙin da aka yi jeri da shi da kuma ta ina aka faro, sama ko ƙasa. Akwai kalmar da aka rubuta a akwatin bincike, in an rubuta. Sai jerin ginshiƙai, kowanne da alamar ko a bayyane yake ko a ɓoye. Duk sanda mai aiki ya taɓa wani abu, sai a sake rubuta wannan 'yar takarda. In an loda shafin, ita ake fara karantawa kafin a zana komai.

Ka sake duba jerin nan da kyau. Babu 71 a ciki.

Nan ne ɗan koyo da gwani suke rabuwa. Da yawa sukan kunna saitin su ɗauka cewa duk abin da mai aiki ya yi a jadawali ya shiga ajiya, sai daga baya a zo ana cewa gyare-gyare suna ɓacewa ba gaira ba dalili. Alhali abubuwa biyu ne mutum yake bari a kan jadawali, kuma ba jinsinsu ɗaya ba. Akwai yadda ya tsara shi don idonsa, wato jeri da shafi da abin da ya ɓoye. Akwai kuma abin da ya rubuta a cikinsa. Na farko nasa ne shi kaɗai, in ya ɓata an ɓata masa lokaci da rai. Na biyu na kowa ne, na yarinyar da iyayenta da shugaban makaranta, in ya ɓata an zalunci wani. Saitin stateSave na farkon kawai yake riƙewa. Duk gwanintar tana cikin sanin wannan bambanci, sannan a ba kowanne wurin ajiyarsa da wa'adinsa da lokacin da ya dace a manta da shi.

Ko na farkon ma, layi ɗayan nan bai isa ba. Tunda sunan ajiyar an haɗa shi ne daga sunan jadawali da adireshin shafi, in magini bai ba jadawalinsa tsayayyen suna ba, ko adireshin yana sauyawa, ajiyar jiya ba za ta gane jadawalin yau ba. In kuma azuzuwa daban-daban suna amfani da shafi guda da jadawali mai suna guda, sai ka bar aji ɗaya a shafi na 14 ka buɗe wani ajin ya kai ka wurin da ba ka taɓa zuwa ba. Sai batun wa'adi. In ba a taɓa saitin stateDuration ba, daƙiƙa 7,200 ne, wato awa biyu, bayan nan jadawalin ya yi watsi da ajiyar. In aka sa 0, babu wa'adi. In aka sa -1, sai ajiyar ta koma sessionStorage, wadda ke mutuwa da zarar an rufe wannan tagar ta burauza. Zaɓi tsakanin ukun nan ba a littafi ake samun sa ba, sai an san mai aikin. Akawun da ke tashi sallar Azahar ya ci abinci ya dawo, awa biyu ta ishe shi. Wanda ke bin jerin sunaye na mako guda, in ya zo da safe ya tarar an mai da shi farko, an cuce shi. Wanda kuma yake buɗe jadawali ɗaya a taga biyu don ya gwada aji da aji, localStorage za ta riƙa rikita masa, domin tagogin biyu a takarda ɗaya suke rubutu, kowacce tana goge na 'yar'uwarta. Shi sessionStorage ce daidai da shi.

Akwai wani tarko da na fi jin tsoronsa a wannan ɓangaren. Magina sukan ƙara ƙananan akwatunan bincike a kan kowane ginshiƙi, misali na tace ɗalibai bisa aji. DataTables yana ajiye kalmar da aka tace da ita, kuma in an dawo yana sake tacewa. Amma akwatin da magini ya ƙera da hannunsa ba ya cika kansa. Sai ma'aikaciya ta zo da safe ta ga layuka 40 a inda ta san akwai 600, ta duba akwatunan bincike ta gan su wayam. Me za ta ɗauka in ba cewa bayanai sun salwanta ba? Wata sai ta kira shugabanta hankali tashe, wata kuwa ta fara sake shigar da sunayen da suke nan lafiya lau a ɓoye, a wayi gari kowane yaro ya zama biyu a rajista. Gwani ya san wannan. Yana loda shafi yake tambayar jadawalin abin da ya tuna, ya mayar da kowace kalma akwatinta, har ma ya sa wata 'yar sanarwa a sama cewa layuka kaza ake nunawa daga cikin kaza, ga maɓallin share tacewa. Duk abin da manhaja ta tuna a madadin mutum, wajibi ne ta nuna masa cewa ta tuna.

Shi kuwa tsallen komawa shafi na ɗaya bayan an adana gyara, maganinsa kalma ɗaya ce. Umarnin sake zana jadawali a DataTables, in an bar shi haka nan, farko yake komawa. In aka rubuta draw(false), sai ya tsaya inda yake. Haka ma umarnin sake ɗebo bayanai daga uwar garke yana da gurbin da ake sa wannan kalmar. Haruffa biyar ne, amma sai wanda ya taɓa tsayawa a bayan akawu yana kallon yadda yake aiki ne yake tuna ya rubuta su.

A ina ya fi dacewa a ajiye tsarin? Ni dai ina ganin a raba shi. Abin da mutum zai so ya nuna wa wani, kamar tacewa da lambar shafi, a sa shi a adireshin shafin, ta yadda in ya tura wa abokin aikinsa ta WhatsApp zai buɗe ya ga daidai abin da yake gani, maɓallin komawa baya ma ya yi aikinsa. Abin da ya zama ɗabi'arsa, kamar ginshiƙan da kullum yake ɓoyewa, a kai shi uwar garke a ɗaure da sunansa, don ya bi shi daga kwamfutar ofis zuwa wayarsa. DataTables ya bar ƙofar yin haka, da stateSaveCallback da stateLoadCallback, inda magini ke karɓe ragamar ajiyewa da ɗaukowa ya kai duk inda ya ga dama. Sauran tarkacen a bar wa burauza.

Yanzu ga babban, wato abin da aka rubuta.

Idan magini ya sa akwatin rubutu a cikin gurbin jadawali, abin da mai aiki ya buga a ciki yana kan allo ne kawai. Shi DataTables yana da nasa kwafin bayanan a ƙwaƙwalwa, kuma bai san an taɓa komai ba sai an gaya masa. Bugu da ƙari, layukan da ba sa shafin da ake kallo yakan cire su daga jikin shafin gaba ɗaya. Don haka mutum zai iya gyara maki a shafuka uku, ya danna aikawa, na shafin ƙarshe kawai su tafi, sauran su bi iska ba tare da ko gargaɗi ba. In kuwa jadawalin irin manyan nan ne da uwar garke ke aiko da layuka goma-goma, to kowace juyawar shafi sababbin layuka ne ke zuwa su share na da, da duk abin da aka rubuta a cikinsu. Kamfanin SpryMedia yana sayar da wani ƙarin kaya mai suna Editor don wannan aikin, wasu kuma su gina nasu. Ko wanne aka bi, tunanin ɗaya ne: da zarar yatsa ya bar gurbi, gyaran ya samu wurin zama da bai dogara da allon ba.

Gwani yakan buɗe wani ɗan kundi na gefe a ma'ajiyar burauza, na gyare-gyaren da ba su kai ga uwar garke ba tukuna. Yadda yake rubuta su a kundin shi ne abin lura. Ba ya rubuta cewa layi na 134 ya zama 71. Matsayin layi ba abin riƙewa ba ne. Ana sauya jeri ya sauya, ana ƙara ɗalibi ɗaya mai suna Abba kowa ya gusa da ɗaya. In aka dawo da gyaran bisa matsayi, 71 ɗin za ta faɗa kan wani yaron, kuma wannan ya fi ɓacewa muni nesa ba kusa ba. Gyaran da ya ɓace ana gani a sake yi. Wanda ya sauka a kan layin wani kuwa, kama da gaskiya yake yi, sai ranar da uba ya zo makaranta da katin sakamako a hannu. Saboda haka gwani da lambar shaidar layi yake ɗaure kowane gyara, lambar nan ta rumbun bayanai da ba ta sauyawa ko an juya jadawalin ta kowace fuska. Saitin rowId na DataTables don haka aka yi shi. A kundin sai ka ga lambar ɗalibi, sunan ginshiƙi, tsohon maki, sabon maki, da lokaci. Tsohon makin ma yana da amfaninsa, za mu zo kansa.

Sai lokacin rubutawa. Ba a kowace dannawar harafi ake ajiya ba, don kada a wahal da na'ura. Akan jira hannu ya ɗan tsaya, kamar rabin daƙiƙa, sannan a rubuta. Da can magina sun dogara da saƙon nan da ke fitowa in za ka rufe shafi yana tambayar ko ka tabbata. A waya wannan ba abin dogaro ba ne. Mutum yana cikin cike jadawali aka kira shi, ko ya leƙa wata manhajar ya kwafo lamba, wayar kuma in ƙwaƙwalwarta ta cika sai ta kashe burauzar a bayan fage ba sallama. Shi ya sa ƙwararru suka koma sauraron wata alama mai suna visibilitychange, wadda ke sanar da shafi cewa an kau da ido daga kansa. A wannan ƙiftawar suke ajiye komai, domin mai yiwuwa ita ce dama ta ƙarshe.

Wanda ya san yadda wuta da sabis suke a garuruwanmu ba sai an yi masa dogon bayanin amfanin wannan ba. Kuma akwai misali mai kyau a kusa da mu. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, asalinta daga Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990, aka fara amfani da zubinta na intanet a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Yau ma'aikatun lafiya na fiye da ƙasashe 70 suna tattara alƙalumansu da ita, har da Najeriya da Nijar da Ghana. Jami'in da ke shigar da rahoton wata na asibitocin ƙaramar hukuma yana fuskantar jadawali ne mai gurabe birjik: allurar rigakafi, awon ciki, zazzaɓin cizon sauro, kowanne an raba shi bisa shekaru da jinsi. Ba ya jiran ya gama kafin ya adana. Yana barin gurbi lambar take tafiya, in ta isa gurbin ya koma kore. In sabis ya ɗauke, manhajar ta ci gaba da karɓa tana tarawa a kwamfutar, in ya dawo a tura. Koren nan ƙaramin abu ne a ido, amma shi ne yake raba tsakanin abin da ya isa da abin da yake hanya, kuma jami'in yana gani da idonsa ba sai ya yi zato ba. Ina ganin duk wanda zai gina wa mutanenmu jadawali ya kamata ya zauna ya kalli wannan tukuna.

Tura abin da aka tara ma da nasa sharaɗin. Yakan faru saƙo ya isa uwar garke ta rubuta, amma sabis ya yanke kafin amsarta ta dawo. Burauza ta ɗauka bai je ba, ta sake turawa. In gyaran maki ne ba komai, 71 sau biyu 71 ce. In kuwa ƙara sabon layi ne, ko rage kaya daga sito, an yi sau biyu ke nan. Don haka akan ba kowane saƙo lambarsa ta daban tun daga burauza, uwar garke in ta ga lambar da ta taɓa gani sai ta amsa ba tare da ta sake aikin ba. Kuma ba a share gyara daga kundin gefe sai amsa ta zo a hannu.

Saura mutum na biyu. Malaminmu ya buɗe jadawali da ƙarfe tara. Da tara da kwata malamar ajin ta buɗe nata a wata kwamfutar, ta gyara makin yarinyar zuwa 74 saboda an sake duba takardarta. Da tara da rabi shi kuma ya adana nasa. In manhajar ba ta da wayo, na ƙarshe shi ne mai nasara, gyaran malamar ya shafe ba wanda ya sani. Matsalar tsohuwa ce, har W3C ta fitar da takarda a kanta a 1999, wadda Henrik Frystyk Nielsen da Daniel LaLiberte suka rubuta. Maganin yana cikin HTTP ɗin kansa. Kowane bayani yana da hatimi da ke sauyawa in an taɓa shi, ana kiran sa ETag. Mai gyara yana turo nasa tare da hatimin da ya gani sanda ya buɗe. In hatimin ya riga ya sauya, uwar garke ta ƙi karɓa ta mayar da lamba 412. Nan tsohon makin da aka ajiye a kundi yake amfani. Manhajar kirki ba ta tsayawa ga cewa an samu kuskure. Sai ta ce masa, sanda ka buɗe 17 ne, kai ka sa 71, wani ya sa 74 bayanka, wanne za a bari? Hukuncin na mutane ne, aikin manhaja ta kawo musu shi gabansu. Gwani kuma yakan rage irin wannan karo tun daga tushe, ta hanyar tura gurbin da aka taɓa kawai maimakon layin duka, don mai gyara makin Lissafi kada ya taka mai gyara na Turanci.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne mantuwa da gangan. Ma'ajiyar burauza ba ta san waye ke zaune a kujera ba. A ofishin da mutum huɗu ke karɓa-karɓa da kwamfuta ɗaya, ko a shagon buga takardu da shiga intanet, abin da na farko ya bari na biyu zai tarar. Ka tuna cewa kalmar bincike tana cikin abin da ake ajiyewa. In jadawalin asibiti ne, kalmar nan tana iya zama sunan majinyaci, a shafin da adireshinsa kaɗai ya isa ya faɗi cutar. Wa'adin awa biyun nan ma ba sharewa yake yi ba. Jadawalin yana duba lokaci ne ya ƙi amfani da tsohuwar ajiya, amma rubutun yana nan kwance a ma'ajiya har sai an sake buɗe shafin an rubuta wani a kansa. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ko ba doka, amana ce. Gwani yakan haɗa sunan ajiya da lambar mai aiki don na wani kada ya buɗe wa wani, yakan cire kalmomin bincike masu haɗari kafin a ajiye ta ƙofar stateSaveParams, kuma in mutum ya danna fita, a share komai nan take.

Wata mantuwar kuma ba magini ke yin ta ba, burauza ce. Tun Maris na 2020 Safari ta kamfanin Apple take share irin wannan ajiya in an yi kwana bakwai ana amfani da ita ba a taɓa shafin ba. Tagar sirri ta kowace burauza tana zubar da komai in an rufe. Mai gyaran kwamfuta ma yana iya sharewa da dannawa ɗaya. Don haka ma'ajiyar burauza zango ce, gyara ba ya kwana a cikinta in akwai hanyar wucewa. Sannan ita manhajar kanta tana girma. Yau ginshiƙai takwas, gobe an ƙara na tara a tsakiya, ajiyar jiya tana cewa a ɓoye na biyar alhali na biyar ɗin yanzu wani ne daban. Zubi na 1.10 na DataTables in ya ga yawan ginshiƙai ya sauya sai ya yi watsi da ajiyar baki ɗaya, wanda hakan daidai ne. Amma in an musanya wurarensu ne yawan bai sauya ba, sai magini ya sa wa ajiyar lambar zubi da kansa, ya ƙi karɓar wadda ta tsufa. Kuma komai kyan tsari, a bar wa mai aiki maɓalli ɗaya bayyananne na mai da jadawali yadda yake tun asali.

Ana gane gwanin wannan aiki ne a yadda yake gwada abin da ya gina. Ba ya tsayawa ga cike gurabe a kwamfutarsa mai ƙarfi ya ga komai ya tafi daidai. Yakan rubuta rabin lamba ya zare waya daga bango. Yakan rage gudun intanet da gangan a cikin kayan gwajin burauza ya danna adanawa sau uku a jere. Yakan buɗe taga biyu ya gyara gurbi ɗaya a kowacce ya ga wacce za ta yi magana. Yakan ari ƙaramar waya mai cikakkiyar ƙwaƙwalwa, ya fara cikewa, ya sa a kira shi, ya daɗe yana hira, sannan ya dawo ya duba. Yakan ajiye gyara, ya sauya jeri, ya ƙara layi a sama, ya tabbatar gyaran bai bar mai shi ba. Daga nan ya fita daga manhajar, ya danna F12, ya bi ma'ajiyar burauza layi-layi yana neman ko sunan wani ya rage a ciki. In ya samu ko da guda ɗaya ne, manhajar ba ta barin hannunsa a ranar.